Awa Ɗaya da Minti Hamsin

Masu bibiyar labarina, yau kada wanda ya ce min in yi haƙuri. Na ga saƙonninku, na gode. Amma ke baiwar Allah da kika rubuto min cewa macen kirki ba ta bincike, ki ajiye waya ki je ki sha ruwa, don abin da na kawo yau ba zai yi miki daɗi ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Yemima Kaleb, shekarata ashirin da bakwai. A Kafanchan aka haife ni, a kwatas ɗin tsofaffin ma'aikatan reluwe da ke bayan tasha. Ina aiki a shagon kwamfuta na Madam Emilia a hanyar kasuwa, ina buga takardu, ina cike fom, ina yanka wa mutane tikitin jirgin sama ta intanet. Ni kaina ban taɓa taka jirgin sama ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma shekara huɗu ke nan ina yanka wa dillalan citta da fastoci tikiti, har na haddace hanyoyin. Legas zuwa Abuja kilomita ɗari biyar ne da 'yan kai, awa ɗaya da minti goma a sama. Daga filin jirgin Abuja zuwa ƙofar gidanmu kuwa, ko direban mahaukaci ne sai ya ci awa uku a mota, don jirgin fasinja ba ya sauka a Kafanchan. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗi wannan.

Saurayina Gilbert ne, ɗan Madakiya, wani ƙauye nan kusa da Kafanchan. Dogo, baƙi, mai wushirya, in ya yi dariya sai ki manta abin da kika zo faɗa. Wata tara muna tare. Ya ce min yana aiki a Legas, a wani kamfanin fito da kaya daga tashar ruwa, kuma a jirgi yake zuwa gida. Mamana, Roseline, tun ranar da ta ji maganar jirgi ba ta sake kiransa Gilbert ba, sai "surukina na Legas". Har shaida ta tashi ta bayar a coci, a gaban zumuntar mata, cewa Ubangiji ya share mata hawaye.

A cocinmu, kafin a ɗaura aure sai fasto ya kira sunayen masu auren Lahadi uku a jere, ko akwai wanda ya san wani dalili. An riga an kira namu sau biyu. Ranar da nake ba ku labari Asabar ce, washegari kira na uku, kuma in an yi na uku magana ta ƙare. Litinin kuma zan je in ce wa Madam Emilia ta ba wata kujerata, tunda Legas zan koma. Gilbert ma ya nuna min hoton gidan da za mu zauna a wayarsa, da labule ruwan ƙasa da firiji mai ƙofa biyu.

A wannan Asabar ɗin mutanensa za su kawo sauran kayan al'ada. Tun da safe gidanmu ya cika. Ga tukunyar shinkafa a tsakar gida, ga faten acca, ga kunu bokiti biyu. Ƙawayen Mama na zumunta sun zo su shida cikin zane iri ɗaya, suna yankan kabeji suna yankan mutane da baki. Ni kuma na saka atamfar da aka ɗinka min don ranar, ruwan bula mai zanen ganye, riga da siket. Telan ya matse min hannu kamar yana jin haushina, ga kitson shuku na ranar Alhamis har lokacin yana ja min kai.

Babana yana zaune a baranda a kujerarsa ta katako. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin gadin jirgin ƙasa, mai ɗaga tuta da busa usur, ya kuma yi ritaya da wata ɗabi'a da ta ƙi barinsa. Duk wanda ya shigo gidanmu ko ya fita, sai Baba ya ɗaga hannu ya duba agogo ya faɗi lokaci. "Tara da minti shida." Ba ya ƙara komai. Mama takan ce jirgi ya daina zuwa amma Kaleb bai daina jira ba. Mutane suna yi masa dariya, ni ma na sha yi.

Wayata ta yi ƙara. Gilbert ne a Wasap, hoton fiffiken jirgi ta taga, da saƙo a ƙasa. Na karanta da ƙarfi don Mama ta ji:

"Bebi, mun shiga jirgi yanzu a Legas. Zan kashe waya. Ki ce wa Mama ina hanya."

Daga baranda Baba ya ce, "Sha ɗaya da minti arba'in."

Na yi lissafina a kai, kamar yadda nake yi wa kwastoma. Su tashi sha biyu, su sauka ɗaya da minti goma, ya ɗauki jaka, ya nemi mota, sai hanya.

"Mama, kada a zuba abinci yanzu. In ya yi sauri, huɗu da rabi."

"Wa ya tambaye ki?" Ba ta ko ɗago daga tukunya ba. "Jirgi ne fa, ba keken guragu ba. Je ki gyara fuskanki."

Wajen ƙarfe ɗaya kawunsa Bartholomew ya iso da dattawa biyu daga Madakiya. Aka ɗaure akuya a gindin mangwaro, aka shigo da buhun gishiri da jarkar manja, aka kai baƙin falo. Ina ɗaki ina goge kwalli da ya zubo min, na ji mota ta tsaya a ƙofa. Sai guɗa.

Na leƙa ta taga. Gilbert ne ke fitowa daga tasi, cikin farin kaftani da guga ta kwanta masa, da baƙin gilashi, da jakar nan tasa mai taya da takardar filin jirgi a ɗaure a hannunta.

Baba ya ce, "Ɗaya da rabi daidai."

Mama ta saki ludayi ta tafi tana rawa. "Ku zo ku ga ikon Allah! Legas fa. Ni da na je bikin ƙanwata, kwana muka yi a mota, awa goma sha biyar, ƙafana ya kumbura kamar doya. Shi kuma kafin shinkafa ya nuna har ya iso."

Matan zumunta suka ɗauka. Wannan ta ce Bature ya gama aiki, waccan ta ce ai jirgi ƙiftawar ido ne. Duk cikinsu babu wadda ta taɓa zuwa Legas sai a doguwar mota, don haka ko minti ashirin aka ce musu za su ce amin.

Ni kuwa na tsaya a bakin tagar ina lissafi. Awa ɗaya da minti hamsin daga Legas zuwa tsakar gidanmu. Sai dai in jirgin a kan rufin kwanonmu ya sauke shi.

Za ku ce wata tara ina ina? Ku faɗa, ni ma na faɗa wa kaina. Duk zuwan da yake yi a baya, cewa yake jiya ya sauka ya kwana wurin aboki a Abuja, ba abin da zan lissafa. Na sha ce masa ya bari in riƙa yanka masa tikiti, ya ce kamfani ke yi. Takardar jakar nan na ga ta koɗe tun watannin baya, na kau da ido. Ina son sa, shi ya sa. Ranar ce ya so ya burge dattawa, ya kuma manta wace ce ni. A wurinsa aikina buga takarda ne kawai, bai taɓa tambayata me nake yi a shagon ba.

Na ja Mama zuwa kicin na tura ƙofa.

"Mama, Gilbert ba daga Legas yake ba."

"Daga gidan ubanki yake?"

"Ki saurare ni. Jirgin kansa awa ɗaya da minti goma ne. Daga Abuja zuwa nan awa uku. Ta ina ya biyo?"

Mama in ta yi fushi Hausarta ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Ta riƙe ƙugu ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan yarinya bai da hankali. Ke kin taɓa shiga jirgi?"

"Ban taɓa ba, amma..."

"To rufe min baki. Mutum ya shiga, ya fito, ga shi kin gani da idonki, ke da ko ƙofan jirgi ba ki taɓa gani ba kina min lissafi. Kwamfuta ne zai aure ki?"

"Ƙarya yake mana, Mama."

"Ƙarya ya kawo akuya? Ƙarya ya kawo gishiri?" Ta matso har ina jin ƙamshin hayaƙi a zanenta. "Shekara ashirin da bakwai, Yemima. Sa'o'inki suna kai yara makaranta. Kin san abin da na sha a bakin matan nan da ke waje? Yau kin samu mai so, kina neman ki zubar min da mutunci. In kin buɗe bakin nan a falo, ni da ke ne."

Ta buɗe ƙofa ta fita tana murmushi kamar addu'a muka yi.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Na zaci za ta firgita, ko ta ce in kira shi a tambaye shi. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin nata.

Na tura masa saƙo: "Same ni bayan gida wajen tanki." Ya ɗauki kusan minti goma kafin ya zo, yana tafe yana kare farin kaftaninsa daga igiyar shanya.

"Bebi, kin yi kyau. Wannan kalar..."

"Wane jirgi ka shigo?"

Ya cire gilashi. "Ban gane ba."

"Hausa na yi. Ƙarfe nawa kuka tashi, ƙarfe nawa kuka sauka?"

"Haba, daga zuwana? Ko ruwa ba ki ba ni ba."

"Ga tanki nan. Ƙarfe nawa?"

Ya yi 'yar dariyar nan tasa. Ranar ba ta yi min aiki ba.

"Saƙon ne ya makara. Kin san netwok. Tun safe na tura."

"Ka ce 'yanzu'. Kuma da na amsa maka a take, ka karanta, na ga alamar ta yi shuɗi. Wayar da ka ce za ka kashe."

"To a Jos muka sauka, ba Abuja ba."

"Jos ta fi Abuja nisa daga Legas, Gilbert. Daga filin jirginsu zuwa nan ma awa biyu ce. Sake wata."

Fuskarsa ta canza. Tun da nake da shi ban taɓa ganin wannan fuskar ba, kuma na gode wa Allah da na gan ta kafin kira na uku.

"Wato bincikena kike yi."

"Aikina ke nan. Shi nake ci, shi nake sha."

"Ji nan, Yemima. Abeg kada ki ɓata min rana. Mutanena suna falo. Mata nawa ne a garin nan suke addu'a su samu irina? Na rufa miki asiri, kina min tambayar 'yan sanda."

"Asirin me ka rufa min? Sata na yi?"

"Ki tambayi mamanki shekarunki."

Ya mayar da gilashinsa ya juya. Na tsaya ina kallon bayan kaftanin. A ƙasa wajen ƙafa akwai jar ƙura da guga ba ta ɓoye ba, irin wadda mutum ke kwasowa in ya zauna a kujerar baya ta motar haya mai ɓallen ƙofa. Raina ya ɓaci. Ba don ƙurar ba, don maganar shekarun. Na ji ta a kicin, na sake jin ta a bakinsa, kalma ɗaya kamar tare suka shirya.

Bayan an ci abinci aka kira ni falo. A gidanmu haka ake yi: in dangin miji sun ajiye kaya, sai a kira yarinya a gaban kowa, a zuba kunu a ƙwarya a ba ta. Ta kurɓa, ta durƙusa ta miƙa wa babanta. In ya karɓa ya sha, an karɓi kaya ke nan, ita ce ta ce a karɓa. Ba wanda zai ce daga baya an yi mata dole.

Falon ya cika. Baba a kujerarsa da aka shigo masa da ita, Kawu Bartholomew da dattawansa a doguwar kujera, Gilbert a gefe yana kaɗa ƙafa. Matan zumunta sun toshe ƙofa da taga. Mama ce ta zuba kunun da hannunta, ta danƙa min ƙwaryar, ta matse min yatsa a ƙasanta yadda ba wanda zai gani.

Kawu Bartholomew ya yi gyaran murya. "Ɗanmu yau da rana ya taso daga Legas saboda wannan yarinya. Wannan kaɗai ya isa shaida. 'Yata, ga ƙwarya a hannunki."

Na durƙusa a gaban Baba. Ban kurɓa ba.

"Baba, ina da tambaya. Ta lissafi ce."

"Yemima," in ji Mama daga bayana.

Baba bai dube ta ba. Ya ce, "Ina ji."

"Jirgi daga Legas zuwa Abuja awa ɗaya da minti goma yake yi. Daga can zuwa nan awa uku a mota."

Ban ƙara ba. Ban san ko zai gane ba, don Baba yakan yi sati bai haɗa jimla uku ba, har wasu suna cewa tsufa ya fara taɓa shi. Sai na ga ya gyara zama, ya miƙe bayansa, ya ja hannun rigarsa sama.

"Gilbert."

"Na'am, sa."

"Lokacin tashi?"

"Baba, ai maganar netwok ce, na riga na yi wa..."

"Ban tambaye ka netwok ba. Tashi, sha ɗaya da arba'in, ina zaune aka karanta. Isowa, ɗaya da rabi, ina zaune ka shigo. Awa ɗaya da minti hamsin." Ya ɗan rufe ido yana motsa baki. "Ba Abuja ba, ya yi kaɗan. Ba Madakiya ba, ya yi yawa. Awa ɗaya da hamsin, da mota." Ya buɗe ido. "Tafiyar Akwanga ke nan, in direba bai tsaya shan rake a Gwantu ba."

Ƙafar Gilbert ta daina kaɗawa. Gumi ya tsatso masa a goshi. Wallahi ko ni da na tayar da maganar ban san Akwanga ba ce, sai da na ga fuskarsa.

Kawu Bartholomew ya juya gaba ɗaya. "Kai. Me kake yi a Akwanga?"

Gilbert ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake. Ni ka sa na ɗauko dattawa na zo na yi ƙarya a gidan mutane?"

Sai Gilbert ya miƙe. Ni na zaci haƙuri zai bayar. Maimakon haka ya nuna bayana da hannu cikin haushi.

"Mama, ki yi magana mana. Ba ke kika ce in yi shiru sai bayan biki ba?"

Na juya da ƙwaryar a hannuna. Mama tana tsaye, hannunta a kan baki.

Ba sai na ja ku da nisa ba, ga abin da ya fito, rabi daga bakinsa rabi daga nata, suna katse juna. Gilbert ya taɓa aiki a Legas, gaskiya ne, amma an sallame shi tun kafin mu haɗu. Sau ɗaya ya taɓa shiga jirgi, daga nan hoton da takardar jakar suka fito. Gidan mai labule na tsohon maigidansa ne. Yana Akwanga, yana da ɗan teburi a bakin tasha yana sayar da caja da murfin waya. Wata huɗu da suka wuce Mama ta je taron zumunta a can, ta sauka daga mota, ta yi ido huɗu da surukinta na Legas yana ciniki. Ya durƙusa mata a bainar jama'a. Ita kuma ta ɗaga shi ta ce kada ya kuskura ya gaya min, ya ci gaba da zuwa da jakarsa.

"To bayan bikin fa?" Na ji muryata kamar ta wata. "In na ajiye aikina ranar Litinin, ina za a kai ni?"

Gilbert ya kau da kai. "Da za ki ɗan zauna wurin mamana a Madakiya. Ki taya ta gona kafin abubuwa su daidaita."

"Mama, kin san da wannan?"

Ta sauke hannunta. Babu kunya a idonta, sai faɗa.

"Na sani. Sai me? In an ɗaura an ɗaura, za ki saba. Na riga na tsaya a gaban coci na yi shaida, kina so in koma in ce me? Ni ma da na auri ubanki me yake da shi, ban da usur?"

"Usur ɗin nasa ne," na ce. "Bai aro hotonsa ba."

Wata daga cikin matan ƙofa ta yi tsaki, ban san da wa take ba. Ni dai na dubi Gilbert. Ku ji ni da kyau, masu karatu, don na san wasunku za su ce don ba shi da kuɗi ne. Da ranar farko ya ce min, Yemima, caja nake sayarwa a Akwanga, da na aure shi, da ni zan riƙa yi masa odar kaya a kwamfutar Madam. Abin da ya ƙona min rai shi ne wata tara yana kallon idona yana ba ni labarin gajimare, kuma wata huɗu uwata tana taya shi. Har yanzu da nake rubutun nan ina son sa, kuma ina jin haushin kaina a kan haka.

Na ajiye ƙwaryar a ƙasa, a tsakiyar falo, cike kamar yadda aka ba ni.

Falon ya kaure. Kawu Bartholomew yana zagin Gilbert da yare, dattawan suna neman hulunansu, Mama tana cewa na kashe ta, na tona mata asiri a gaban maƙiyanta. Gilbert ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Kin ji daɗi? To ki sani, gobe za a kira sunanmu, ko kin sha kunu ko ba ki sha ba. Takarda tana coci. In aka kira na uku, ki tashi a gaban mutum ɗari biyar ki ce ba ki so, mu gani."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya san ni, ya san ba zan iya ba. Sakataren coci yana rufe sanarwar Lahadi ƙarfe huɗu na yammacin Asabar, ya kai wa fasto, ya kulle ofis. Duk abin da ke cikin takardar nan, shi za a karanta.

Ban san Baba ya tashi ba sai da na ji hannunsa a kafaɗata. Yana kwance agogonsa. Agogon da ko wanka zai yi a kan taga yake ajiye shi inda zai riƙa hangowa.

"Huɗu saura minti goma sha biyu," ya ce. "Daga ƙofar nan zuwa ofishin coci minti tara ne, in kin bi ta kan layin dogo." Ya ɗaura min shi a hannu, ya yi min yawa, ya ƙara matse maɗaurin. "Ban ce ki je ba, ban ce kada ki je ba. Lokaci kawai na faɗa miki."

Na cire takalmin mai tsini na zura silifas ɗin da na samu a baranda. Matan zumunta suka buɗe min hanya. Akuyar tana gindin mangwaro tana cin ɓawon kabeji. Kafin in kai ƙofar gida Mama ta riga ni, ta tsaya ta riƙe ƙyauren da hannu ɗaya, ɗankwalinta ya zame.

"Yemima. Ni na haife ki. In kin taka waje, kada ki dawo min gida."

Idonta ya cika da hawaye, nawa ma haka. Na jira ta ce min yi haƙuri, ko sau ɗaya, ko a hankali yadda matan ba za su ji ba. Da ta faɗa, Allah ya sani ban san abin da zan yi ba. Ba ta faɗa ba.

Na sunkuya na bi ta ƙarƙashin hannunta na fita. Ban yi taku biyar ba na ji ta ja ƙyauren, na ji ƙarar sakata.

Daga cikin gidan, ta saman katanga, muryar Baba ta biyo ni. Ba shi da agogo a hannu, amma bai yi kuskure ba, don na duba.

"Huɗu saura minti goma."

Na tattare siket ɗina na nufi layin dogo.